AMSOSHIN WASIƘUNKU: Injin Tsotse Laimar Ɗaki, Wa Zai Saya, Wa Zai Haƙura?

 A wannan fili namu mukan kawo muku a rubuce amsoshin da muka bayar a gidan rediyo, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da akwatinsa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.  

A wannan mako saƙo biyu muka samu a kan magana ɗaya, kuma dukansu sun roƙi a sakaya sunayensu. Na farko daga wani bawan Allah ne mutumin ƙasar Katsina, mai sayar da atamfa da shadda a Agege ta Legas. Ya ce ɗaki ɗaya yake haya, shi da maiɗakinsa da yara uku, kuma a nan yake ajiye rarar hajarsa. To da zarar ruwa ya kankama sai shaddar ta soma wani irin wari, takalman fata su yi fari fat da fumfuna, bayan kabad ya yi baƙi, ga ƙaramin yaronsa yana kwana tari. Ya ga ana sayar da wani inji da aka ce yana tsotse laimar ɗaki, akwai mai araha akwai mai tsada, shi ne yake tambaya wanne zai saya kada a cuce shi.

Na biyu kuwa wani dattijo ne manomi daga wani ƙauye kusa da Saminaka a Jihar Kaduna. Shi kuma ya ce duk lokacin marka bangon ɗakinsa yakan jiƙe tun daga ƙasa har zuwa gwiwar mutum, daɓe ya riƙa tsattsafo, buhunan masarar da ke ƙasa su yi fumfuna. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya ce zai aiko masa da irin wannan inji, shi kuwa ba ya so yaron ya zubar da kuɗinsa a banza.

To Alhaji na Agege da Baba na Saminaka, mun gode da wannan tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ciwonku ya yi kama da juna, amma maganinku ba ɗaya ba ne. Ku biyo ni sannu a hankali.

Daga ina laimar take fitowa?

Lokacin da nake koyarwa a wata makarantar firamare ta ƙauye, in na zo darasin ruwa da iska nakan sa a sayo mini lemon kwalba mai sanyi in ajiye a kan tebur. Kafin minti 5 sai jikin kwalbar ya yi gumi, in tambayi yara, wa ya zuba mata ruwa? Su ce ba kowa. To wannan ruwa daga cikin iska ya fito. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ruwa wanda ido ba ya gani, kuma gwargwadon ɗuminta gwargwadon ruwan da za ta iya riƙewa. In ta taɓa abu mai sanyi sai ta kasa riƙe shi, ta sauke shi a wurin. Haka raɓa take sauka a kan ciyawa da asuba. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, a ranar da ake zafi da gumi irin na Legas, iskar cikinsa kaɗai tana ɗauke da ruwa kusan lita ɗaya.

A wannan makaranta ce kuma laima ta koya mini hankali. Na ajiye akwatina a ƙasa, jingine da bango, na tafi dogon hutu. Da na dawo na buɗe, sai na tarar takarduna sun manne da juna, har takardar shaidar malantata ta yi ɗigo-ɗigon baƙi wanda har yau bai fita ba. Saboda haka in kuna maganar laima, da ɗan gari kuke yi.

Laimar ɗaki dai ta hanya uku take shigowa. Akwai wadda ke zuwa daga sama, watau yoyon kwano, ko tsagewar rufin soro, ko indararo da ya toshe ruwa yake bin bango. Akwai wadda ke tasowa daga ƙasa, bango yana shan ruwa daga tushensa kamar yadda lagwani ke shan kananzir. Alamarta ita ce jiƙewar ta fi yawa a gindin bango, ba ta cika wuce ƙugun mutum ba, fenti ko yaɓe yana ɓamɓarewa, kuma wani farin abu mai kama da kanwa yana fitowa a wurin. Ta uku ita ce ta cikin iska, wadda yanayin gari ke kawowa, mu kuma mu ƙara mata da hannunmu. Mutum 5 in suka kwana a ɗaki a rufe, numfashinsu da guminsu kan kai lita ɗaya da rabi kafin gari ya waye. Wanki in aka shanya shi a ɗaki yakan saki lita 2 ko fiye. Risho kuwa, kowace litar kananzir da ya ƙona tana sakin ruwa kusan lita ɗaya a cikin iska, ban da tururin tukunya.

Ga abin da nake so kowa ya riƙe ko da zai manta sauran: injin nan laima ta uku kaɗai yake magani. In ruwan daga rufi yake ko daga tushen gini, to inji yana tsotsewa ƙasa tana ƙaro wani, ka zama mai ɗiban ruwan kogi da rariya.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Kafin ka taɓa aljihunka, ka yanko leda mai kauri kamar faɗin faranti. Ka goge wurin da ke jiƙewa, a bango ko a daɓe, ka manna ledar da salatif ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana 2. In ka tarar da gumi a bayan ledar, ɓangaren da ke kallon ɗaki, to laimarka ta iska ce. In kuwa ka ɓamɓare ka ga ruwan a ciki yake, tsakaninta da bango, to ginin ne ke shan ruwa. Wani lokaci akan sami duka biyun.

Har ila yau akwai wani ɗan abu mai kama da agogon tebur da ke auna laimar iska, yana aiki da ƙaramin batir, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Yana nuna lamba daga 0 zuwa 100. Tsakanin 40 da 60 shi ne daidai ga ɗakin kwana. In lambar ta zauna a sama da 70 kwana da kwanaki, fumfuna ta sami gida. A Kano ko Maraɗi lambar takan faɗi ƙasa da 20 da rana a lokacin hunturu, shi ya sa leɓe ke tsagewa, laima ba ta damun mutane sai 'yan watannin damina, musamman Agusta. Amma a Legas da Fatakwal da Kumasi da Duwala, inda 'yan'uwanmu da yawa ke neman abinci, iska a jiƙe take kusan duk shekara. Ruwan da ke sauka a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, na Kano kuwa wajen rabin wannan ne.

Amsar Baba na Saminaka

Baba, yadda ka kwatanta ɗakinka, laimarka daga ƙasa take. Ka ce wa yaron nan Allah Ya yi masa albarka, amma kuɗin injin ya aiko da su a yi gyara. A fara da zagaya bayan ɗakin ranar da ake ruwa a ga inda yake kwanciya. A cike gindin bangon da ƙasa a daɓe ta, a yi mata gangare yadda ruwa zai riƙa gudu daga ginin, a haƙa masa hanya ya fice daga gida. A duba bakin kwano ko indararo, in a gindin bango yake zuba a ƙara masa tsawo. In ɗaki ba shi da taga sai ƙofa, a huda masa ko da ƙarama ce a bangon da ke fuskantar ƙofar, domin iska ta shiga ta fita. In za a sake daɓen siminti, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa kafin a zuba kankare. Mai sabon gini kuma kada ya yarda magini ya tsallake wannan leda a matakin da suke kira difisi, domin rowar ranar nan ita ke jawo kukan shekara ashirin. Kakanninmu ma ba su yi sake da wannan ba, shi ya sa suke ɗora rumbu a kan duwatsu, suke shafe bango da makuba, suke gyara yaɓe tun kafin ruwan fari.

Game da masara, kada buhu ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. A jera katako ko itace a kan bulo a ɗora buhunan, a bar tazarar da mutum zai iya zura hannu har kafaɗa. Sa'an nan a tabbata ta bushe kafin a ɗura. Ga yadda ake ganewa: a sami kwalba busasshiya a zuba masara kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali 2 ko 3 na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, a rufe a girgiza, a bar ta minti 15 a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, masarar tana bukatar ƙarin rana. Ko buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, sai da busasshen hatsi yake aiki.

Wannan ba maganar asarar kuɗi kaɗai ba ce. Wata fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana haifar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a ƙasar Kenya saboda cin masarar da ta kamu da ita. Masarar da ta yi fumfuna kada a ci, kada a kai kasuwa, kada kuma a ba kaji ko shanun tatsa.

Amsar Alhaji na Agege

Alhaji, kai kam alamu sun nuna taka ta iska ce, amma duk da haka ka yi gwajin leda. In ya tabbata, to inji zai yi maka amfani, sai dai a san wanda za a saya.

Abu na farko, ka lura da suna. Akwai injuna biyu masu suna kusan iri ɗaya, aikinsu kuwa kishiyar juna. Humidifaya ƙara wa iska ruwa yake yi, ana zuba masa ruwa yana fitar da hazo. Wanda kake nema shi ne dihumidifaya, sunansa a jikin kwali yana farawa da haruffan D da E, shi ba a zuba masa ruwa, shi ne ma ke tara maka ruwa a cikin wani ɗan bokiti. Kazalika fankar nan da ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara, ita ma laima take ƙarawa. Tana da daɗi a bazarar Sakkwato, amma a Legas ƙara wa Borno dawaki ne.

Shi kansa mai tsotsewar iri uku ne. Akwai ɗan ƙarami mara nauyi, kamar girman fulas ɗin shayi, wanda ya fi kowanne araha. Abin da yake tarawa a yini bai cika wuce kofi ɗaya ko biyu ba, alhali numfashin iyalinka kaɗai ya ninka wannan. Wannan na cikin kabad ne, kada mai kanti ya ce maka zai busar da ɗaki, araha ba ta ado. Akwai mai wani faifai a ciki da ke shan laima, sa'an nan hita ta busar da faifan. An yi shi ne domin ƙasashe masu sanyi irin su Ingila, yana cin wuta da yawa, kuma yana ƙara wa ɗaki zafi. Na uku shi ne mai kwamfuresa irin ta firji. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta bi ta kan wasu bututu masu sanyi, ruwan ya sauka kamar yadda ya sauka a jikin kwalbar lemon nan, ya ɗiga cikin bokiti, busasshiyar iska ta fito ta ɗaya gefen. Irin wannan ya fi ƙwazo a wuri mai zafi da gumi, watau dai ƙasarmu. Shi za ka nema. In ka ɗaga shi za ka ji nauyi, kilo 10 ko fiye, in ka kunna kuma za ka ji gurnani irin na firji.

Ana auna ƙarfinsa da yawan litar da yake cirewa a kwana ɗaya. Ga ɗaki ɗaya, mai lita 10 zuwa 12 ya isa. Ciki da falo ko shago mai kaya da yawa, a nemi mai lita 20. Sai dai ka sani wannan lamba an same ta ne a ɗakin gwaji mai tsananin laima, inji yana aiki dare da rana ba tsayawa, saboda haka in ka ga naka bai kai haka ba, ba lalacewa ya yi ba.

Ga abubuwan da za ka duba kafin ka biya. Ya kasance yana da ma'aunin laima a jikinsa, yadda za ka saita shi a 55 ko 60, in ya kai ya tsaya da kansa, wannan shi ke rage cin wuta. Ya kasance yana kashe kansa in bokiti ya cika. Ya kasance yana da kafar da ake sa tiyo ruwan ya riƙa fita waje. Ragar da ke tace ƙura ta zama wadda ake cirewa a wanke. Daɗin daɗawa, ka tambaya ko yana tashi da kansa in an ɗauke wuta an dawo da ita, domin ka san halin wutarmu. Ka sa a kunna maka shi a kantin na minti 20 ko 30, ka ga ruwa ya soma ɗiga da idonka, gani ya kori ji. Ka karɓi rasiɗi da takardar garanti.

In na hannu za ka saya, ka ƙara buɗe ido. Ka duba takardar da ke manne a bayansa. Wutarmu a Nijeriya da Nijar da Gana mai ƙarfin 220 zuwa 240 ce, kayan Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, in ka soka shi kai tsaye ya ƙone nan take. Su kuma ba da lita suke ƙidaya ba, ma'auninsu bai kai rabin lita ba, don haka in ka ga 30 a jiki, wajen lita 14 ke nan. Bugu da ƙari, a shekarar 2013 an janye irin waɗannan injuna fiye da miliyan 2 daga kasuwannin Amurka saboda wasunsu suna kama wuta. Tsohon da ba ka san asalinsa ba, kada ka bar shi a kunne ba kowa a gida.

Lissafin wuta

Saye ba shi ne wahala ba, ciyarwa ita ce. Mai lita 10 zuwa 12 yana cin wat 200 ko kusa da haka. In ya yi awa 8 a rana, yunit ɗaya da ɗigo 6 ke nan, a wata yunit 48. A watan Afrilu na 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya na masu layin Band A naira 225, watau a wannan farashi naira 10,800 a wata. Ka duba abin da kake biya a yau ka buga naka lissafin, sa'an nan ka auna shi da kuɗin shadda ɗaya da fumfuna za ta ɓata maka. In wutar unguwarku ba ta kai awa 5 ko 6 a rana, amfaninsa zai ragu ƙwarai. Kwamfuresa tana fizgar wuta mai yawa lokacin tashi, ƙaramin janareta yakan shaƙe, ƙaramar sola ta fitila da cajin waya kuwa ba za ta ɗauke shi ba sam. Ka haɗa shi da sitabilaiza. Wanda yake da na'urar sanyaya ɗaki, ya duba rimot ɗinta, akwai maɓalli mai hoton ɗigon ruwa, aikinsa ke nan rage laima, ba sai ya sayi wani inji ba.

In ka kawo shi gida, ka bar shi a tsaye na 'yan awoyi kafin ka kunna, kamar dai sabon firji. Ka ajiye shi da tazarar ƙafa ɗaya daga bango. Ka rufe ƙofa da taga yayin da yake aiki, in ba haka ba iskar Legas gaba ɗaya ka sa shi busarwa. Tun da yana ɗan ƙara ɗumi, ya fi kyau a kunna shi da rana in yara sun tafi makaranta, a buɗe kabad da akwatuna ya ja laimar cikinsu. A wanke ragar duk mako 2. Ruwan da ya tara a yi goge-goge da shi ko a zuba a bayi, ba na sha ba ne.

Kafin ka tara kuɗin kuma akwai abin yi. Uwargida ta fitar da risho waje, a daina shanya a ɗaki, a janye kabad da katifa daga jikin bango, a ɗora haja a kan katako. Ranar da rana ta fito a buɗe ko'ina, a fitar da katifa ta sha iska. Cikin akwatin shadda a zuba 'yan ƙunshin nan masu tsakuwa-tsakuwa da ke zuwa a kwalin takalmi, suna shan laima, amma a kiyaye su daga yara. Gawayi yana rage wari, sai dai ƙarfinsa a kan laima kaɗan ne. Baƙin da ke bango a wanke shi da ruwan sabulu ko ruwan bilic da aka sirka, taga a buɗe, hanci a rufe, yara suna waje, kuma kada a haɗa bilic da wani maganin wanki.

Batun yaro mai tari, Alhaji, kada ka jira inji. Tun a shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayani cewa zama a ɗaki mai laima da fumfuna yana da alaƙa da tari da shessheƙa da tashin asma. Ka kai shi asibiti a duba ƙirjinsa, ka kuma gaya wa likita halin da ɗakin yake ciki.

Gargaɗi na ƙarshe ga kowa da kowa: don Allah kada a kai kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa wai don a kori laima, kada kuma a shigar da janareta ɗaki ko a ajiye shi a bakin taga saboda gudun ruwa. Dukansu suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci sai dai a wayi gari a tarar da gawa. Allah Ya kiyashe mu.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Baba na Saminaka, muna jiran labarin yadda gyaran ya kasance bayan marka. Alhaji na Agege, in ka yi gwajin leda ka aiko mana da sakamako, Allah Ya ba yaro lafiya. Saura kuma ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, a rubuta suna da gari sosai yadda za su karantu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.